Cefane a Amurka ko a Turai, ina ya fi?

Maman Ilham (Bremen):
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema. Maigidan ya samu aiki a Columbus ta jihar Ohio, in Allah ya kai mu bayan babbar Sallah za mu tattara mu bar Jamus. Duk wanda na gaya wa a nan, maimakon ya taya ni murna sai ya hau yi min jaje a kan abinci. Wai burodinsu duk sukari ne, kazarsu da klorin ake wanke ta, shanunsu allura ake ɗirka musu, yara za su yi ta narka ƙiba. To ku da kuke can, da waɗanda suka zauna ɓangarorin biyu, ku faɗa min tsakani da Allah: kayan cefanen can sun kai na nan kyau? Ana samun komai? Naman halal fa, da kayan miyarmu?

Hajiya Bilki (Houston):
Wa'alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya sa ku shigo a sa'a. Ƙanwata kwantar da hankalinki, wannan gorin mun saba jin sa daga mutanen Turai, kuma yawancinsu ba su taɓa leƙa kantin Amurka ba, a waya suke gani. Ni dai abin da na sani, wajen yawa da zaɓi babu wanda ya kama ƙafar ƙasar nan. Shinkafa buhu-buhu, mai jarka-jarka, madara galan guda wanda ya kusa lita huɗu. Mangwaro, abarba, fiya, kankana, rani da damina ba sa yankewa, don in California ta huta sai Mekziko ta ɗauka. Ku a Ohio Kroger za ki fi gani, can ne ma gidansu, a Cincinnati hedikwatarsu take. Ga Walmart, ga Costco in kun yanki katin shiga. Aldi ɗinku ta Jamus ma tana nan tun 1976, har da kwandalar nan da ake sakawa kafin a ciro keken cefane. Sannan ranar Lahadi ko'ina a buɗe, ba irin naku ba da in gishiri ya ƙare miki daren Asabar sai dai ki jira Litinin.

Maman Ilham (Bremen):
Hajiya kin sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Lahadi a nan sai tashar jirgin ƙasa ko gidan mai, su kuma su tsuga maka kuɗi.

Baban Sadiq (Birmingham):
Hajiya a yi min afuwa, amma yawa daban, kyau daban. Na je wajen ƙanina a Maryland, ga tumatir ja jawur gwanin sha'awa, ka yanka ba ƙamshi ba ɗanɗano. Burodin leda kuwa ya daɗe a kan tebur ko alamar lalacewa bai nuna ba, abin da ya fi ba ni tsoro kenan. Kuma maganar kaza ba sharri ba ne. Tarayyar Turai ta hana shigo da kazar da aka wanke da klorin tun 1997, naman shanun da aka yi wa allurar girma kuwa tun 1989. Ko da Birtaniya ta fita daga Tarayyar, Amurka ta yi ta matsa lamba a buɗe mata ƙofa, har yau ba a buɗe wa waɗannan biyun ba. Ai ba banza ba.

Hajiya Bilki (Houston):
Baban Sadiq, kai da ke Ingila ne za ka yi maganar ɗanɗanon tumatir? Naku na hunturu ai daga rumfunan leda na Almería ta Sifaniya da Maroko ake kwaso shi ɗanye. A Fabrairun 2023 ba ku ne manyan kantuna suka ƙayyade wa kowa ƙunshi biyu ko uku ba, tumatir da tattasai da kokwamba? Mai gidan mutum takwas ta yi miyar dage-dage da me?

Baban Sadiq (Birmingham):
An yi haka kam, sanyi ne ya buga Sifaniya da Maroko, kuma 'yan makonni aka yi abin ya wuce. Ku kuma ƙwai fa? Ko a bar tone-tone?

Zainabu Zango (Bronx):
A'a a tona mana. A Maris ɗin 2025 matsakaicin kuɗin dozin ɗin ƙwai a ƙasar nan ya kai dala 6.23 saboda murar tsuntsaye, a New York ma ya zarce haka. Ƙananan shagunan unguwarmu har ƙwai uku-uku suka riƙa ƙullawa a leda suna sayarwa, na ce ikon Allah, yau ga unguwar Nima ta Accra ta biyo ni Amurka. Amma ya sauko daga baya.

Dokta Rabi (Minneapolis):
Bari in sa baki, don abin ya shafi aikina, kuma a Wageningen ta Holand na yi karatun kimiyyar abinci kafin in dawo nan.

Kaza tukuna. Yawancin mayankan Amurka sun bar klorin, wani ruwa mai tsami dangin binega suke amfani da shi yanzu. Kuma ko su Turawan ba su ce klorin ɗin ne zai cutar da mai ci ba, ai da shi ake wanke ganyen salak na leda a wasu ƙasashensu. Ƙorafinsu shi ne, wanda ya san zai wanke a ƙarshe zai yi sakaci da tsabta tun daga keji. Su sun zaɓi a tsare abin tun daga gona, nan kuma an zaɓi a kashe ƙwayar cutar a mayanka. Kaji kuma ba a yi musu allurar girma a Amurka, doka ta hana tun shekarun 1950, girman da kuke gani na iri ne da abinci. Shanu ne ake yi wa, wannan gaskiya ne, kuma wadda ba ta so sai ta nemi mai tambarin USDA Organic ta biya ƙari.

Ƙwai ma tafiyar ɗaya ce. A nan wanke shi ake yi da inji, wankin kuma yana cire ɗan siririn rufin da ke toshe ƙofofin ɓawon, shi ya sa dole ya zauna a firji daga kamfani har gidanki. A yawancin ƙasashen Turai an hana wanke ƙwan da ake kaiwa kanti, shi ya sa kike ganin sa a kan kanta kusa da fulawa, da lambar nan ta 0 zuwa 3 da ke nuna yadda aka kiwata kazar. Maman Ilham ki riƙe wannan da kyau: ƙwan Amurka ba a barin sa a waje, kina shigowa gida ki sa a firji.

Inda Turai ta fi mu a fili shi ne kalar abinci da ƙananan sinadarai. Ba wai duk an haramta su can ba ne. Jar kalar da ake ce wa Red 40 a nan, ita ce E129 a can, kuma an yarda da ita. Sai dai tun 2010 dole kamfani ya rubuta gargaɗi a jikin kwali cewa tana iya shafar natsuwar yara, kamfanoni kuwa ba sa son wannan rubutun, sai suka koma kalar tattasai da karas da makamantansu. Shi ya sa Fanta ta can da ta nan ko a ido ba ɗaya ba ce. Titanium dioxide, sinadarin da ke sa abinci ya yi fari, an hana shi a abincin Turai a 2022, nan yana nan. Red 3 sai a Janairun 2025 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta soke ta, ta ba kamfanoni zuwa Janairun 2027. Amma kuma akwai abin da aka hana a nan aka bari a can, misali cyclamate mai zaƙi, fiye da shekara hamsin kenan da cire shi a Amurka, a Jamus kuwa yana cikin 'yan ƙwayoyin zaƙin da ake jefawa a shayi.

Ni a ganina, a Turai ko ka rufe ido ka ɗauki mafi araha a kanti, da wuya ka ɗauko abin banza, don doka ta riga ta tace maka. A Amurka kuwa mai kyau yana nan, har wanda ya fi na Turai, amma kai za ka tace da kanka, da idonka da aljihunka.

Baban Sadiq (Birmingham):
To Dokta ai kin yanke hukunci, mun ci.

Hajiya Bilki (Houston):
Wa ya ci? "Ka rufe ido ka ɗauka", haka kuka rufe ido a 2013 aka ba ku naman doki da sunan naman sa, daga Ireland har Faransa da Sweden. A 2017 kuma aka kwashe miliyoyin ƙwai daga kantunan Holand da Beljiyam da Jamus saboda maganin ƙwari. Wannan duk a ƙarƙashin dokar da ta tace ne?

Dokta Rabi (Minneapolis):
Hajiya ta yi gaskiya, kuma akwai wanda ya fi waɗannan muni, annobar ƙwayar cutar E. coli ta 2011 a Jamus wadda ta kashe mutum sama da 50. Da farko aka ɗora wa kokwambar Sifaniya laifi, manoma suka yi asara, daga baya aka gano tsiron hulba ne. Maganata a kan abin da ake zubawa cikin abinci da gangan ne. Ha'inci da haɗari kuwa babu ƙasar da ta tsira.

Maman Ilham (Bremen):
Na gode Dokta, Allah ya ƙara ilimi. Burodin fa? Yarana sun saba da baƙin burodin nan mai tsami da 'yan dunƙule-dunƙulen safe, a ƙasan gidanmu ma akwai mai gashi.

Ɗan Maraɗi (Brussels):
Hajiya a nan kam ki yi haƙuri, za ki yi kewa. Jamus na da burodi sama da iri 3,000 a rajista. Faransa kuma tun 1993 suka yi doka, dogon burodin da za a kira na gargajiya fulawa ce da ruwa da gishiri da yis, kuma ba a daskarar da shi. Mu mutanen Nijar mun san shi tun gida, da shi muka tashi a teburin mai shayi. A 2020 kotun ƙolin Ireland ta ce burodin gidan abincin Subway bai cika sharaɗin burodi ba a dokar harajinsu, don sukarin da ke ciki ya kai kashi 10 cikin ɗari na nauyin fulawar, doka kuwa kashi 2 ta yarda. Wannan kaɗai ya isa misali.

Hajiya Bilki (Houston):
Burodi na sallama. Na leda mai araha zaƙi gare shi, gaskiya ne. Amma duk babban kanti yana da ɓangaren gashi, akwai mai tsamin ma, sai dai kuɗinsa ya ninka. Ni na huta, injin burodi na saya, in na ga dama kuma in yi gurasa ko funkaso, fulawa ai ba ta da tsada.

Malam Habu (Kano):
Ina ta karatu ina dariya. Mu da muke auna shinkafa da gwangwani, ku kuna rigima a kan kalar lemo. Amma akwai abin da ya ɗaure min kai. Na ji an ce sinadarin bromate da marigayiya Dora Akunyili ta yaƙa a gidajen burodinmu lokacin tana NAFDAC, wai a Amurka halas ne? Da gaske?

Dokta Rabi (Minneapolis):
Da gaske ne Malam. Birtaniya ta hana shi tun 1990, Tarayyar Turai ma ta hana, amma gwamnatin tarayyar Amurka ba ta haramta ba, ta dai roƙi masu burodi su bari, kuma manyan kamfanoni da yawa sun bari. California ce ta yi tata dokar a 2023, za ta fara aiki a 2027. Wanda ke sayen fulawa a nan ya duba jikin buhun, masu kyau suna rubuta cewa babu shi.

Malam Habu (Kano):
Tabɗi. To a takarda dai mun riga Amurka. A tanda kuma Allah masani.

Auta (Mississippi):
Iyayena ku ba ni dama, ni ɗalibi ne kuma ina ganin Amurkar da Hajiya Bilki ke magana ba ita nake zaune a ciki ba. Garinmu ƙarami ne. Kusa da ni shagon nan ne na kayan dala ɗaya-biyu, abin da ke ciki gwangwani ne da biskit da lemo da abincin firiza. Ɗanyen tumatir ko albasa sai an yi tafiya mai nisa a mota, bas kuma babu. Ni da ba ni da mota sai ranar da abokin karatuna ɗan Indiya zai fita in bi shi, in sayo na ajiya. Naman halal kuwa sai mun haɗa kuɗin mai mun tafi Memphis ko Jackson. Ga shi jihar nan har kayan abinci tana caza wa haraji, kashi 7 ne da, a Yulin 2025 aka rage zuwa 5, kuma kuɗin da ke jikin kaya ba shi za ka biya ba, sai ka je wajen biya a ɗora. Ɗan ajinmu da ya tafi wani ƙaramin gari a Jamus ya ce da ƙafa yake zuwa Lidl da shagon Baturke. Ni wannan ne bambancin da na gani, ba klorin ba.

Hajiya Bilki (Houston):
Allah sarki Auta, Allah ya ba da sa'ar karatu. Gaskiyarka ne ɗana, ƙasar nan in ba ka da mota ba ka da ƙafa. Turo min adireshinka ta gefe in aiko maka da kuka da daddawa da yaji.

Dokta Rabi (Minneapolis):
Abin da Auta ya faɗa shi ne gundarin maganar. Ma'aikatar noma ta nan har taswira take da ita ta unguwannin da talakawa ba su da kantin ɗanyen kaya a kusa. A lissafi Ba'amurke ne ya fi kowa samun abinci da sauƙi, kusan kashi 7 cikin ɗari na abin da yake kashewa ne ke tafiya a cefanen gida, Bajamushe da Bafaranshe sun haura 10, mu a Najeriya ya wuce rabi. Amma wannan lissafin ya haɗa mai kuɗin California da talakan Mississippi ya raba daidai. Tsarin ma daban ne. Nan babban firji, babbar mota, cefanen mako biyu a tashi ɗaya, don haka dole kaya su zama masu jure ajiya, tumatir ɗin da Baban Sadiq ya ci an zaɓi irinsa ne don ya jure doguwar tafiya a tirela. Can kuwa ƙaramin firji, kanti a bakin layi, a saya yau a ci gobe. Shi ya sa Walmart ta kasa zama a Jamus ta tattara a 2006, Tesco ta Ingila ma ta gwada Amurka ta fita a 2013.

Maman Ilham ke kam kin yi sa'a, Ohio ba ta karɓar haraji a kan kayan cefanen da za a kai gida. Sai dai ki saba da ma'auninsu, fam suke awo ba kilo ba, fam ɗaya giram 454 ne. Kar ki ga kuɗin nama ki ɗauka na kilo ne ki yi murna.

Ɗan Maraɗi (Brussels):
Ni duk wannan bai dame ni ba kamar yanka. Ana ta yabon dokokin Turai, to ga wadda ta faɗo a kanmu. A 2019 yankin Flanders da na Wallonie na nan Beljiyam suka hana yanka dabba sai an sumar da ita, Musulmi da Yahudawa suka kai ƙara, kotun Tarayyar Turai ta goyi bayan dokar a Disamban 2020. Brussels ce kawai ta rage, majalisarta ta ƙi amincewa a 2022, da ƙyar ma. Denmark tun 2014 ta hana. Layya ta zama aiki, da yawanmu gida muke aika kuɗi a yanka a raba. Mahautan Maroko da Turkiyya suna ko'ina, nama ba ya yankewa, amma sai ka yi ta tambayar daga ina aka kawo, yaya aka yanka.

Zainabu Zango (Bronx):
A nan kam Amurka ta yi zarra. Dokar yanka ta 1958 ta ware yankan addini ta bar shi. Mu nan Bronx akwai wuraren da za ka shiga ka nuna kaza ko akuya da ranta a yanka maka a gabanka, har zabo ana samu. Da Sallah mazanmu gonakin New Jersey da Pennsylvania suke tafiya su zaɓi rago, su dawo da kai da ƙafa da kayan ciki. Kazar ma ba irin ta kanti mai laushin nan ba, tsohuwar kaza mai ƙwari wadda za ta jure miya.

Baban Sadiq (Birmingham):
Birmingham dai ba mu da wannan matsalar, a Alum Rock da Small Heath kusan kowane layi da mahauci, wasu da tambarin HMC na waɗanda ba sa sumarwa. Manyan kantuna ma suna da kantar halal a unguwannin Musulmi.

Abu Hanifa (Dallas):
Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Ƙasashen nan na Ahlul Kitabi ne, aya ta halatta mana abincinsu. In ba alade ba ne ka yi bismilla ka ci.

Ɗan Maraɗi (Brussels):
Malam wane Ahlul Kitabin ne a cikin inji mai yanka kaza dubbai a awa? Wa ya ambaci sunan wa?

Abu Hanifa (Dallas):
Akwai manyan malamai da suka yi fatawa a kai, ba ni na ƙirƙira ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a a tsaya nan. Malamai sun yi saɓani a wannan mas'alar kuma ba a nan za a warware ta ba, kowa ya tambayi malamin da ya natsu da shi. A koma kan tambayar baiwar Allah.

Dokta Rabi (Minneapolis):
Columbus ba za ki sha wahalar nama ba. Bayan Minneapolis babu garin da ya kai ta yawan Somaliyawa a ƙasar nan, shagunansu suna arewa maso gabashin gari, akwai akuya da rago, wani lokaci har raƙumi. Abin da za ki sa wa ido shi ne kayan kwalam na yara. Gelatin na alade yana cikin alewa mai danƙo da wasu yogot da hatsin karin kumallo mai fararen dunƙule, kuma ba sa rubuta daga wace dabba. Wannan kin san shi tun Jamus, inda ake neman alewar Haribo da aka yi a Turkiyya. Ruwan vanilla na gaske a nan doka ta ce sai da barasa kashi 35 a ciki, ki nemi na gari ko wanda aka rubuta babu. Alamar Yahudawa ta harafin U a cikin da'ira tana taimako, in kin gan ta babu alade, amma ba ta ce babu giya ba.

Hajiya Bilki (Houston):
Kayan miyarmu kuma ga sirrin: kar ki tsaya sai shagon 'yan Afirka, can tsada. Shagon 'yan Mekziko za ki samu zoɓo, ki ce musu jamaica, da yawansa ma daga Jigawa da Kano yake fita. Akwai tsamiya, rogo, attaruhu mai zafin gaske, busasshen barkono kala-kala, ganda, ƙafar sa. Shagon Indiyawa akwai garin gero da na dawa, bajra da jowar a jikin leda, da su nake fura da kunu da tuwo. Ga kuɓewa, ga riɗi, ga zogale a firiza, ga citta da kanumfari. Wake mai baƙin hanci kuwa a kowane kanti, don abincin baƙaƙen fatar kudancin ƙasar ne tun zamanin bauta, ƙosai da alala ba fashi. Shagon Afirka sai manja da doyar Ghana da daddawa da kuka.

Sani Damagaram (Valencia):
Hajiya duk kin lissafa ban ji aya ba. Nan Valencia ta Sifaniya gonakinta ake yi, kunun aya shi ne abin shan garin, horchata suke ce masa, da shagunansa na musamman. Tasu ba ta isar su, har daga Nijar da Burkina da Mali ake kawo musu. Kifi ɗanye, man zaitun, lemo, tumatir mai ɗanɗano na gaske, ku zo Kasuwar Tsakiya ta Valencia ku gani. In ana cewa Turai a daina haɗa mu da Ingila don Allah.

Baban Sadiq (Birmingham):
Sani ka ci albarkacin tumatir ɗin da kuke aiko mana.

Ɗan Maraɗi (Brussels):
Kayan gida a Turai ma ba laifi, Matongé a nan, Château Rouge a Paris, Peckham a Landan, jirgi awa shida ya kawo ganye ɗanye. Abin da ya yi wuya shi ne waken Najeriya, tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shi saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa a ajiya ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba.

Malam Habu (Kano):
Wanda suka ƙi ɗin mu ne muke cinye shi a nan. Allah ya kyauta.

Maman Ilham (Bremen):
Amin Malam. Kai jama'a na gode ƙwarai, hankalina ya kwanta, har na karanta wa maigidan. Tambaya ta ƙarshe, me zan iya shiga da shi? Ina da kilishin da aka kawo min daga gida, da su cakulan na yara.

Zainabu Zango (Bronx):
Kilishi ku cinye shi kafin ku taso. Nama kowane iri, ɗanye ko busasshe, kwastan za su karɓe, har dunƙulen miya mai naman kaza ko na sa a ciki suna iya ƙwacewa. Ɗanyen 'ya'yan itace ma haka. Garin kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, daddawa, waɗannan suna wucewa, amma duk abin ci da ke jakarki ki faɗa musu da bakinki. In kin faɗa suka ƙi, zubarwa kawai za su yi. In kin ɓoye karensu ya shinshino, tara ce mai zafi kuma sunanki ya shiga kwamfuta.

Dokta Rabi (Minneapolis):
Cakulan ki cika jaka, za ki gode min. Ban da ƙwan Kinder mai abin wasa a ciki, dokar 1938 ta hana sa abin da ba a ci a cikin abin ci, kuma suna karɓewa a filin jirgi.

Hajiya Bilki (Houston):
Kuma kar ki wahalar da kanki da ɗauko injin markaɗe da na kwaɓa fulawa. Wutarku 230 ce, tamu 120, ko kin sa masa kan soket ɗin nan ba zai ja ba. Ki sayar ko ki bayar a can, in kun sauka ki kira ni in gaya miki wanda ke niƙa wake da gero ba ya ƙonewa.